Ra'ayinmu: A duba ƙwaƙwalwa kafin a ɗaura mari

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwar Mont-Bouët da safe, ko ya ratsa Nkembo ya nufi wajajen PK, ba zai rasa ganin ɗaya ko biyu daga cikin bayin Allahn nan da ke yawo a yamutse ba, wasu suna surutu su kaɗai, wasu suna faɗa da wanda babu mai ganin sa sai su. Mutanen Libreville sun saba da su, har ta kai idan an gan su sai dai a kauce a wuce. Mu ma Hausawa mazauna wannan birni, da 'yan ƙasa waɗanda kakanninsu suka sauka a Oyem da Bitam tun zamanin fatauci, da baƙin da neman abinci ya kawo daga Maraɗi ko Kano ko Garwa, muna da namu marasa lafiyar. Bambancin kawai shi ne mu ba mu cika barin namu a titi ba. Ɗaki muke ware musu a bayan gida mu sa kwaɗo, idan abin ya tsananta a kawo mari. Kunya ce ke sa mu yin haka, da kuma tausayi irin namu, amma galibi mutum yakan shekara a ɗaure ba tare da likita ya taɓa duba shi ba ko sau ɗaya.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a yau shi ne wata waya da wata baiwar Allah ta bugo mana a shirin kiwon lafiya da muke gabatarwa da Hausa a gidan rediyon al'umma. Mun sakaya sunanta da na unguwarta. Maigidanta ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, ya haura shekara hamsin, kuma tun da take da shi ba ta taɓa jin ya ɗaga murya a kan kowa ba. Abin ya faro ne da ciwon kai da yake tashi da shi da asuba, wani lokaci har da amai. Bayan 'yan watanni sai halinsa ya soma canzawa, ya riƙa zagin abokan ciniki, yana sakin maganganun batsa a gaban surukai, daga baya ya ce yana jin muryoyi suna kiran sunansa daga saman rufi, ya kuma daina cin abincinta wai tana zuba masa guba. Dangi suka taru, wasu suka ce sammu ne daga abokan hamayya na kasuwa, wasu suka ce iska ce, samari kuwa suka ce ko dai Alhaji ya soma shan ƙwayar nan da ake kira kobolo. Aka yi wata takwas ana rubutu da hayaƙi, har wurin wani boka na 'yan ƙasa, irin waɗanda suke kira nganga, sai da aka kai shi, jarin kanti ya ƙare tas. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga ne aka ɗauke shi zuwa asibiti, aka yi masa hoton kai, sai ga ƙari kamar girman lemun tsami a bayan goshinsa. An yi masa aiki, hankalinsa ya dawo, amma ido ɗaya ya riga ya tafi, domin ƙarin ya daɗe yana danne jijiyar gani.

Wannan labari ya girgiza mu, saboda mun san ba shi kaɗai ba ne. Matsayinmu a wannan shafi shi ne, duk wanda hankalinsa ya taɓu yana da haƙƙin likita ya fara duba jikinsa da ƙwaƙwalwarsa kafin a yanke hukunci a kan abin da ke damun sa.

Ya kamata mai karatu ya fahimci cewa ƙwaƙwalwa tsoka ce kamar zuciya ko ƙoda. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma kowane sashe nata da aikinsa. Sashen da ke bayan goshi shi ke riƙe da kunya da kamun kai da auna magana kafin a furta ta. Sashen da ke saitin kunnuwa yana kula da ji da tunawa da tsoro. Na ƙeya kuma shi ke fassara abin da ido ya gani. Ita kuwa ƙwaryar kai akwati ce rufaffiya da ba ta buɗewa, saboda haka duk abin da ya tsiro a ciki, ko ƙari ne, ko gudan jini, ko ƙurji, ko ruwa da ya taru, dole ya matse wani sashe. Idan ya matse bayan goshi sai a ga dattijo mai mutunci ya koma marar kunya. Idan ya taɓa saitin kunne sai mutum ya riƙa jin muryoyi, ko ya ji warin abin da babu shi, ko tsoro ya kama shi haka kawai. Shi marar lafiyar ba ƙarya yake yi ba, a wurinsa muryar nan gaskiya ce, domin wurin da ke ƙirƙiro ji a cikin kansa ne ya samu matsala.

Likitoci sun daɗe da gane haka. A shekarar 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani sandan ƙarfe ya ratsa kan wani ma'aikacin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage, ya shiga ta kunci ya fita ta saman kai. Mutumin bai mutu ba, amma likitan da ya yi jinyarsa ya rubuta cewa halinsa ya canza har abokansa suka ce ba shi ne wanda suka sani ba. A 1913 kuma, wani masani ɗan ƙasar Japan, Hideyo Noguchi, ya gano ƙwayar cutar tunjere a cikin ƙwaƙwalwar mutanen da suka mutu da wani irin hauka da ya cika gidajen mahaukata na Turai a wancan zamani. Da allurar fenisilin ta samu a shekarun 1940, sai wannan nau'in hauka ya ragu ƙwarai. Daga nan sai aka samu na'urar ɗaukar hoton cikin kai, wadda a nan muke kira sikana. Injiniya Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta, kuma a watan Oktoba na 1971 aka fara gwada ta a kan wata mata a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, wadda ake zargin tana da ƙari a sashen goshi. Tun daga ranar likita ya samu ikon ganin cikin kan mutum yana raye ba tare da an tsaga shi ba.

To, a nan Gabon akwai cututtuka da dama da ke taɓa ƙwaƙwalwa su fito da kamannin hauka, waɗanda ya kamata kowane magidanci ya san da su. Akwai ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Mutanen ƙasar Zazzau ba za su manta da shi ba, domin saboda shi ne a shekarun 1930 da 1940 aka sake tsugunar da jama'ar Anchau har aka kafa garin Takalafiya. A duniya baki ɗaya cutar ta ja baya sosai, tun daga 2018 waɗanda ake samu da ita a shekara ba su kai dubu ɗaya ba, amma Gabon na cikin ƙasashen da ba ta ƙare ba, kuma yankin Noya da ke wajajen Cocobeach, a cikin wannan lardi namu na Estuaire, sananne ne da ita. Idan ƙwayar cutar ta shiga ƙwaƙwalwa, mutum yakan yi barci da rana ya kwana ido biyu, ya zama mafaɗaci, ya riƙa sambatu. Masuncinmu ko ɗan tiredanmu da ya yi zama a can ya dawo da irin wannan hali, gwajin jini yake bukata, kuma yanzu har maganin sha an samu mai suna fexinidazole, wanda aka amince da shi a 2018.

Akwai kuma tsilar alade. Da yawa daga cikinmu za su ce wannan ba ta shafe mu ba tunda ba ma cin naman, amma a nan ne kuskuren yake. Cin naman alade da bai dahu ba shi ke sa tsilar ta zauna a hanjin mutum, amma abin da ke kai ta ƙwaƙwalwa shi ne ƙwayayenta da ke fita ta bayan gida, su gurɓata ruwa ko ganye ko hannun mai dafa abinci. A 1992 likitoci a birnin Niyok sun ba da rahoton samun wannan cuta a cikin iyalan Yahudawa masu tsananin riƙo da addininsu, waɗanda su ma ba sa kusantar alade. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da tsilar ta yi katutu, ita ce sanadin kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya, kuma a wasu mutane takan zo da ruɗewa da gane-gane. Hoton kai yana nuna ta, kuma tana da magani.

Haka nan cutar ƙanjamau. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna kashi 4.1 cikin 100 na manya a Gabon suna ɗauke da ita. Idan garkuwar jiki ta faɗi, wasu ƙwayoyin cuta sukan samu kafa su yi ƙuraje a cikin ƙwaƙwalwa ko su haddasa sanƙarau, kuma wani lokaci alamar farko da iyali za su gani ita ce mutum ya rikice. Ga kuma buguwar kai a haɗarin mota ko babur, inda jini kan riƙa taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙwaryar kai, musamman ga tsofaffi, sai bayan makonni, an ma manta da haɗarin, a ga mutum ya soma shirme. Ga shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke kawowa, ga farfaɗiyar da ke tasowa daga tabo a sashen saitin kunne. Kusan dukkan waɗannan suna da magani ko aiki idan an kai marar lafiya da wuri.

Sai dai dole mu yi adalci, kada mai karatu ya ɗauka cewa duk mai taɓin hankali yana da ƙari a kai. Mafi yawansu ba su da shi. Cutar da likitoci ke kira sikizofiriniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa tana damun mutum miliyan 24, wato ɗaya cikin kowane 300, galibi takan fara ne daga ƙarshen samartaka zuwa wajen shekara talatin. Ita ma tana da alaƙa da ginin ƙwaƙwalwa. A 1976 Dokta Eve Johnstone da abokan aikinta a Landan sun nuna ta hanyar sikana cewa kogunan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa sun fi faɗi a wurin masu wannan cuta da suka daɗe da ita. A 1990 wasu masana a Amurka sun duba tagwaye masu kama ɗaya har kashi 15, waɗanda a kowane kashi ɗaya yana da cutar ɗaya ba shi da ita, suka tarar a mafi yawansu sashen tunawa na marar lafiyar ya fi ƙanƙanta. Amma wannan bambanci ɗan kaɗan ne, sai an tara mutane da yawa an auna ake ganin sa, don haka likita ba ya iya kallon hoton mutum ɗaya ya ce ga cutar nan. Idan aka yi wa ɗanka hoto aka ce ba a ga komai ba, kada ka ɗauka asibiti ta gaza ka koma gida ka ɗaure shi. Ma'anar ita ce an kawar da zargin ƙari da makamantansa, saura maganin da likitan taɓin hankali zai ɗora shi a kai, wanda da yawa suke sha suna ci gaba da sana'arsu da iyalinsu.

Tunda hoton kai yana da tsada, kuma ba kowa ne ke bukatarsa ba, ga alamomin da likitoci ke cewa idan an gan su tare da ruɗewar hankali kada a kwana ba a je asibiti ba: mutum ya haura shekara arba'in bai taɓa samun irin wannan matsala ba sai yanzu, sabon ciwon kai mai tsanani, musamman da safe, tare da amai, faɗuwa da jijjiga, raunin hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, ko karkacewar baki, gani dishi-dishi ko ganin abu bibbiyu, kasa gane inda yake ko mutanen gidansa, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, tangaɗi a tafiya da kasa riƙe fitsari, yawan barcin rana da ba a saba gani ba, ko kuma an san ya bugu a kai a 'yan watannin baya. Maigidan waccan baiwar Allah yana da biyu daga cikinsu tun watan farko, amma babu wanda ya san ma'anarsu a gidan.

Saboda haka muna kira ga iyaye da magidanta da su cire kunya. Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma ɓoye shi ba ya warkar da shi. Idan za a kai marar lafiya asibiti, a tafi da wanda ya fi kusa da shi, wanda zai iya faɗa wa likita yadda abin ya faro da ranar da ya faro, da irin magungunan da aka riga aka ba shi, na asibiti da na gargajiya. Wanda Faransancinsa bai nuna ba ya nemi ɗan'uwa mai jin harshen ya raka shi, domin rabin ganewar likita daga labarin da aka ba shi take.

Muna kuma kira ga malamanmu masu ruƙiyya da limamanmu, waɗanda su ne ake fara kai wa irin waɗannan marasa lafiya. Babu wanda ya ce a bar addu'a, kuma su da kansu suke karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Abin da muke roƙo shi ne malam ya san waɗannan alamomi, idan ya gan su ya ce da iyalin su wuce asibiti yau, addu'a ta bi su can. Irin wannan haɗin kai ba sabon abu ba ne a Afirka. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara shi a Aro da ke Abeokuta, inda ya zaunar da marasa lafiya da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya, kuma daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Game da mari da turu kuwa, lokaci ya yi da za mu rabu da su. Duniya ta ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida, da yawa da sarƙa a ƙafa. A 2020 ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta ce ana ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe kusan 60. Najeriya ta sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Bai kamata a ce mu da ke zaune a babban birni, kusa da manyan asibitoci, mu ne za mu riƙe wannan ɗabi'a ba.

Ga hukumomin lafiya na Gabon, muna tunatar da su cewa cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da ke Melen, a bayan garin Libreville, ita ce babbar madogarar ƙasar da a ƙidayar 2013 take da mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, kuma jama'a sun ƙaru tun daga lokacin. Wuri ɗaya ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Muna son a samar da hanya mai sauƙi tsakanin Melen da asibitocin koyarwa na Libreville da Owendo, ta yadda duk wanda aka kawo karo na farko da ruɗewar hankali za a yi masa gwajin jini, a auna jijiyoyinsa, idan akwai alamar haɗari a yi masa hoton kai cikin kwanaki kaɗan ba tare da an yi ta yawo da iyalinsa daga wannan taga zuwa waccan ba. A kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa da na larduna su gane waɗannan alamomi, domin mutumin Bitam ko Minvoul ba zai iya zuwa Libreville a duk lokacin da kansa ya yi ciwo ba. Asusun inshorar lafiya na CNAMGS da aka kafa a 2007 ya sauƙaƙa wa 'yan ƙasa da dama, amma ɗan tireda ko mai gadi ko mai sayar da tsire da ya zo daga wata ƙasa sau da yawa da aljihunsa yake biya, kuma irinsa ne kan fasa yin hoto idan ya ji kuɗin.

A nan ne aikin ya dawo kan shugabannin al'ummarmu, sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na matasa. Mun iya tara kuɗi idan za a kai gawa makwanci ko za a aurar da marainiya, kuma wannan abin yabo ne. Me zai hana a ware wani kaso na karo-karon da ake yi a masallatai da adashin mata domin biyan kuɗin hoto da gwaji ga wanda ba shi da hali? Kuɗin da aka kashe wa wancan mai sayar da yadi a wata takwas na yawon neman magani ya isa a yi wa mutane da dama hoton kai.

Mu ma 'yan jarida muna da namu laifin, domin mun daɗe muna mai da masu taɓin hankali abin raha a wasannin kwaikwayo da shirye-shiryenmu. Daga ɓangarenmu, za mu ci gaba da gayyato likitoci su yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji, za mu kuma riƙa maimaita waɗancan alamomi har su zauna a kunnen kowa. Hausawa sun ce idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Duk wanda ke da ɗan'uwa a kulle a ɗaki a yau, muna roƙon sa ya buɗe ƙofar nan ya kai shi likita ya duba shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ƙara mana ita, amin.